Hoto Na Tafiya, Kilifa Na Bi

Duk wanda ya ce maka shi ya fara ganin hoto ya tashi da kansa ya yi tafiya a cikin waya, ba hannu ba yatsa, ka ce masa ya ji tsoron Allah. Baba Mai Aska ne ya fara gani. Ya riga ɗansa Manaja, ya riga Dogo da ke aski a kujerar kusa da tasa, ya riga har 'yarsa Auta, wadda ita ce ta haɗa abin da hannunta. Kuma da idon nan ya gani, wanda suka daɗe suna yi wa jana'iza tun yana raye.

Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san mutumin. Gobara ta cinye tsohuwar kasuwa, ya fito da askarsa a aljihu, gira ɗaya kawai ya bari a ciki. Ruwa ya tafi da rumfarsa ta biyu, aka tsince shi a kan rufin wani yana gyara wa mai gidan gemu, don kada zaman ya tafi a banza. Mota ta kife da su, shi ya ciro direba. Likita ya buɗe cikinsa ya rufe, ya ce a kira dangi. Dangi suka zo da hawaye, suka tarar da shi zaune yana gaya wa likitan cewa wanda ya yi masa ƙeya bai iya aiki ba. Bai taɓa zama a aji ba, da babban yatsa yake sa hannu, amma babu kan mai ilimi a unguwar nan da bai sunkuya masa ba.

Shagon nasa ne, shi ya kafa shi. Sai dai yau babban ɗansa ke riƙe da shi, wanda tun ranar da ya sayo riga mai aljihu biyu ya sa biro a ciki kowa ke kiransa Manaja. Ya sa fitilu farare, ya sa kujeru masu juyawa, ya liƙa kyamara a saman rufi, wadda Baba ke kira munafukar bango. Abu ɗaya ne ya gagare shi taɓawa: kujerar Baba da ke bakin ƙofa, ta ƙarfe, fatarta ta tsattsage an ɗinke, in aka taka ta sai ta yi kuka kamar akuyar da aka ja kunnenta. A gabanta akwai tsohon madubi mai baƙin tabo a kusurwa, da 'yar kanta inda aska da hoda da burushi suke zama.

Bayan wannan bangon kuwa bututun ruwa ya bi. Manaja yana so ya kafa wurin wanke kai, kuma ya ce duk shagon babu inda zai yiwu sai nan.

"Baba, ka huta mana," in ji shi. "Ka zauna gida, jikoki su kewaye ka."

"In huta in yi me? In ƙirga ƙudaje? Ni da gobara ba ta tashe ni ba, famfo ne zai tashe ni?"

Haka aka yi ta ja, har ranar da kunnen wani mai shayi ya motsa ya taɓa aska. Kunnen ne ya motsa, kowa ya sani, amma Manaja ya samu abin riƙewa. A gaban Dogo aka ƙulla magana: ranar da wani ya sake kawo ƙara a kan aikin Baba, zai naɗe askarsa ya koma gida, kujera ta fita, famfo ya shigo. Baba ya amince yana dariya, don ya san rana ba za ta fito daga yamma ba.

Ana nan sai Auta ta zo ran hutu da kwamfuta a jaka. Ita ce ta yi karatu mai zurfi, ofis take aiki, inda ake biyan mutum don ya zauna yana kallon gilashi. Da ma ta buɗe wa shagon shafi a intanet, yanzu kuma ta zo ta ƙara masa wani abu.

"Baba, ka tuna takardar hotunan aski da ke jikin bango da, wadda rana ta cinye?"

"Wadda yayanki ya yage. Na tuna."

"To ita zan mayar, amma a cikin waya. Jerin hotuna ne. Mutum zai buɗe shafinmu, ya sa yatsa ya ja hoto gefe, wani ya shigo. Ya ja, wani ya shigo. In ya ga wanda yake so sai ya nuna muku."

"Takardar bango ba ta cin caji," in ji Baba.

"Kuma ba ta zuwa gidan mutane ta kira su."

Ta yini tana ɗaukar kawunan masu zuwa aski, duk daga baya da gefe, don babu mai son fuskarsa ta shiga duniya. Kowa da farin ƙyallen shagon a wuya. Sai ta jera su yadda ido zai bi a hankali: daga mai suma cike, zuwa mai rabi, zuwa saisaye, zuwa ƙasa sosai, har zuwa tal kwabo a ƙarshe. Ta gwada a gabansu, ta ja da yatsa, hotuna suka yi ta zamewa kamar an shafa musu mai. Manaja ya ja, Dogo ya ja. Aka miƙa wa Baba, ya ce shi ba ya shafa gilashi sai na madubi.

A nan sai a san wani abu. Baba yana da ƙa'idojin aiki da ya gada daga wanda ya koya masa, kuma ko sama za ta faɗo ba ya karya su. Ba ya taɓa kayan mutum da hannun aiki, hannun da ke da gashi da mai. Ba ya tambayar mutum abin da yake so sau biyu, don tambaya ta biyu ta ɗan koyo ce. Kuma ba ya tada wanda barci ya ɗauka a kujerarsa, domin barcin nan shi ne shaidar sanyin hannu. Yana da tabarau kuma, a aljihu. Ba don yana buƙata ba. Auta ce ta saya, ya karɓa don kada ta ji haushi, kuma ba ya sa shi a shago, don kada Manaja ya ɗauka wani abu ne.

Ranar da abin ya faru, da tsakar rana, Manaja ya tafi wajen mai gyaran famfo, wai tambayar farashi kawai, kamar Baba bai san dawan garin ba. Dogo yana fama da kan wani, ya juya baya, ya toshe kunnuwansa da waƙa. Sai ga Hedimasta.

Hedimastan makarantar bayan layi ne, mutum mai tumbi da tsayayyar murya. Duk safiya yana tsayawa a ƙofar makaranta da almakashi, yaron da ya tara suma sai ya yi masa hanya a tsakiyar kai. Shi kuwa nasa gashin ya fi ƙaunarsa da albashinsa. Baƙi ne siɗik, cike, yana taje shi sama, yana sauko da gefe ya rufe kunnuwa. Washegari za a yi taron iyaye a makaranta, zai yi jawabi.

"Baba, barka da aiki. Yau na zo da zamani." Ya zaro waya, ya buɗe shafin shagon, ya danne hoton farko da babban yatsa. "Wannan nake so. Sama a bar ta cike, a ɗan rage gefe, a yi tsaga a hagu. Irin wannan sak, kada a ƙara kada a rage."

"Malam, tun kana rarrafe nake tsaga. Jingina ta a madubi."

Hedimasta ya jingina wayar a kan kanta, jikin madubi, ya zauna, kujera ta yi kukanta. Aka ɗaura ƙyalle. Kilifa ta fara guɗa a bayan kunne, kafin a gama gefe ɗaya kan Hedimasta ya langaɓe, munshari ya fara fita a hankali. Baba ya yi murmushi. Hannu kenan.

Ya rage gefe, ya daidaita sama da almakashi, ya ja tsaga miƙaƙƙiya kamar titin sabuwar unguwa. Ya ja baya ya duba, ya yaba wa kansa. Sai ya leƙa waya don ya gwada aikinsa da hoto, kamar yadda gwani yake yi.

Hoton ba shi da tsaga. Saman ma bai kai wannan tsawon ba.

Baba ya matso, ya ƙanƙance ido. Ƙeya ce dai, farin ƙyalle ne dai. Mai aski ba ya kallon kunne ko wuya, gashi yake kallo. Ya ce a ransa, ashe ɗazu haske ne ya sa na ga kamar ya fi haka yawa. Mutumin nan ya ce sak. Ya ɗauki almakashi ya rage sama rabi, ya sauko da gefe, ya share tsagar nan tasa mai kyau yana jin ciwonta a zuciya. Ya gama, ya karkaɗe, ya leƙa.

Saisaye ne a hoton, ko'ina daidai.

"Ikon Allah," in ji Baba a hankali.

Ya waiga. Dogo yana kaɗa kai da waƙarsa. Hedimasta yana can wata duniya, baki a ɗan buɗe. Wani ƙaramin mai aski da sai ya tashe shi ya tambaya, ya zubar da mutuncin sana'a. Baba ya canja bakin kilifa ya bi kan nan gaba da baya, ya yi saisayen da ko injin yanka ciyawa sai ya sara masa. Kunnuwan Hedimasta suka fara leƙowa, kamar baƙin da aka daɗe da ɓoyewa a ɗaki.

Ya leƙa waya. Ƙasa sosai, an gyara goshi da reza.

Wannan karon ya yi aikin da sauri, ido ɗaya a kai, ido ɗaya a waya. Da ya gama bai ɗauke ido ba. Ya tsaya, kilifa a hannu, ya zuba wa gilashin nan ido yadda kyanwa ke gadin rami. Ya jira. Ya jira har ƙafarsa ta fara tsami.

Sai hoton ya motsa.

A hankali ya zame hagu, kamar maƙwabcin da ya ga ana rabon aiki, wani ya shigo daga dama ya zauna a wurinsa. Kai ne tal kwabo, yana ƙyalli.

Wani da ya gani da ya yi salati ya gudu. Baba kuwa sai ya gyaɗa kai, don yanzu ya gane. Ashe abin da Auta ta haɗa koyarwa yake yi, mataki bayan mataki, irin na 'yan koyo. Wayar malami ce, dole ta yi halin mai ita. Ka yi wannan, ta nuna maka na gaba, har a kai inda ake so. To in tal kwabo ne ƙarshen darasi, an zo gidan mai shi. Ya ajiye kilifa, ya shafa kumfa, ya zaro tsohuwar askarsa ya wasa ta a fata. Abin da ya yi wa kan nan ba aski ba ne, sassaƙa ce. Ya goge da tawul mai ɗumi, ya shafa mai, har fitilar rufi ta ga fuskarta a ciki.

Ya juya ga waya yana jiran yabo. Hoton tal kwabo ya zame hagu. Na farko ya dawo: suma cike, gefe a rage, tsaga a hagu.

Nan ne Baba ya naɗe askarsa. Ya dubi hoton, ya dubi gashin da ke zube a ƙasa, ya ce wa wayar, "Wannan matakin kuma na Ubangiji ne. Sai ki jira."

Iskar fanka ce ta tada Hedimasta, don ta taɓa wurin da ba ta taɓa taɓawa ba. Ya buɗe ido, ya ga wani mai manyan kunnuwa a madubi, ya ɗan matsa don ya ba shi wuri. Mutumin ya matsa tare da shi. Ya ɗaga hannu ya shafa. Ƙarar da ya yi ita ta ciro waƙa daga kunnen Dogo.

"Baba! Ina kaina?"

"Ga shi nan a wuyanka, Malam. Bai taɓa yin kyau haka ba."

"Gobe zan tsaya gaban iyaye! Gaban yaran da nake yi wa aski a ƙofa! Me na nuna maka?"

"Abin da ka nuna na yi. Da wanda ya biyo shi. Da wanda ya biyo wancan. Hotonka tafiya yake yi."

Daidai nan Manaja ya shigo da guntun bututu a hannu. Ya dubi kan, ya dubi ubansa, ya dubi bangon da famfo zai zauna. Bai yi murmushi ba, a ba shi wannan, amma ya ƙara rungume bututun.

Da la'asar aka rufe ƙofar shago, aka kira Auta daga ofis. Hedimasta yana zaune da tawul a ka. Baba yana kan kujerarsa, ya ƙi tashi, ya riƙe hannuwanta biyu.

"Baba, hotunan ba sa tafiya da kansu," in ji Auta a hankali. "Sai an ja. Duba." Ta ja, ya tafi. Ta tsaya, ya tsaya. Ta sake ja.

"A hannunki yake jin kunya. Uwarsa ce ke."

Manaja ya ce a duba kyamara. Munafukar bango kuwa ta yi halinta. Daga sama take ɗauka, don haka wayar ba ta fito ba sai wani farin haske a jikin madubi. Abin da ya fito shi ne tsoho yana aski, ya gama, ya leƙa haske, ya dawo ya rage. Ya gama, ya leƙa, ya rage. Dogo ya cusa tawul a baki, kafaɗunsa suna rawa.

"Baba," in ji Manaja, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ba wanda ya ce ba ka iya ba. Ido ne. Kowa nasa zai kai. Mun yi magana a gaban Dogo, kuma ga ƙara an kawo."

Baba ya dubi askarsa a kan kanta. Tun kafin a haifi mai maganar nan take tare da shi. Ya hango kansa a ƙofar gida kan tabarma, jikoki suna hawa bayansa, mutane suna wucewa da kawunan da wasu suka lalata, ba shi da ikon cewa komai. Ya ji abin da ruwa da wuta ba su sa ya ji ba.

Ya miƙe. "Malam, kai ne mai ƙara. Kai mutumin doka ne ko?"

"Ni ne."

"To a jingina waya a madubi yadda aka yi ɗazu, kowa ya mayar da hannunsa baya. In hoto bai tafi ba, ga aska, ga kujera, ku kira mai famfo yau. In ya tafi, ka janye ƙararka. Sannan kan nan naka da munafukar bango ta ɗauka, 'yata ta sa shi a shafinta, duniya ta ga aiki."

Hedimasta ya gyara tawul. "Na yarda. Hoto ba shi da ƙafa."

Manaja ya buɗe shafin a wayarsa ya jingina. Kowa ya mayar da hannu baya. Nan aka ga abin tausayi. Mutanen zamani ba za su iya ganin waya a ajiye su ƙyale ta ba. Ba a jima ba hannun Dogo ya fito da kansa, Baba ya make shi da mataji. Yatsun Auta suna motsi a bayanta kamar na mai jan carbi. Manaja yana haɗiyar yawu. Hoton yana nan, bai ko girgiza ba. Sai hasken wayar ya dushe, ya mutu, gilashi ya yi baƙi.

"Ka gani, Baba?" in ji Manaja.

Baba ya nuna wayar da mataji. "Na ga wayarka ta yi barci kamar mai ita. Da ita aka yi askin? A kawo wadda ta yi laifin."

Hedimasta ya zaro tasa yana gunaguni. "Tawa ba ta mutuwa. Na sa an gyara mini ita haka, don a ciki nake karanta jawabi, kada ta ɗauke ina tsakiyar magana."

Auta ta ɗago kai da sauri, ta dube shi.

Aka jingina. Aka mayar da hannuwa. Fanka tana juyawa, wani mai babur ya wuce a waje, ƙuda ya sauka a kan tawul ɗin Hedimasta ya tashi. Dogo ya fara cewa, "Baba, ko dai..." Baba ya ɗaga mataji, Dogo ya haɗiye sauran maganar. Aski ya zo gaban goshi. Manaja ya buɗe baki zai yi magana.

Hoton ya zame hagu. Na biyu ya shigo ya zauna.

"La ilaha!" in ji Dogo, ya ja baya har ya ture kwalbar hoda.

"Kada wanda ya motsa," in ji Baba. "Ku tsaya ku ga sauran darasin."

Auta ta riga ta buɗe kwamfuta a kan cinya, tana bin wasu layukan rubutu da ido. Can ta dafe goshi ta fashe da dariya. "Wallahi gaskiyar Baba ce. Abin da na ɗauko na haɗa jerin da shi, ashe yana da saitin tafiya da kansa in an daɗe ba a taɓa shi ba. Ban kashe ba. Ni ja kawai na yi ta yi da na gwada. Wayoyinmu kuma suna mutuwa kafin lokacin ya kai."

"Kun ji ko? Abin da babba ya hango a tsaye, yaro ko ya hau intanet ba zai hango ba."

"Amma Baba," in ji ta, tana share hawaye, "da ka ga ya canja, me ya hana ka tashe shi ka tambaya?"

"In tada mutum yana barci a kujerata? Ke a ofishinku haka ake yi?"

"Da ka sa tabarau ai da ka ga kunnuwan cikin hotunan ba iri ɗaya ba ne."

"Kunne ba sana'ata ba ce."

"Mai shayi ma haka ya ce," in ji Dogo, ya kauce kafin mataji ya iso.

Manaja ya juya ga Hedimasta, kamar mai neman a ceto masa famfo. "Malam, duk da haka ai ba abin da ka ce ba ne aka yi maka."

Hedimasta ya daɗe yana kallon wayarsa, wadda a lokacin ta kai saisaye. Ya cire tawul a hankali, kunnuwa suka miƙe. "Na ce sak, kada a ƙara kada a rage. Na jingina waya, na yi barci. Kuma na yi alkawari a gaban shaidu." Ya ja numfashi. "Na janye. Allah ya isa tsakanina da fanka."

Aka sake kallon abin da kyamara ta ɗauka, wannan karon Auta tana tsayar da shi duk inda Baba ya ja baya yana duba aikinsa. Sai ga shi kowane aski ya fito cif, kamar an zana: mai tsaga, mai rabi, saisaye, ƙasa, tal kwabo, duk a kai ɗaya, a zama ɗaya, mai kan bai ko motsa ba. Manaja ya daɗe yana kallo. Shi ma mai aski ne, ya san abin da yake gani. Ya ajiye guntun bututun a bayan ƙofa.

"Za a ja ruwan ta baya," ya ce. "Zai fi tsada, amma za a ja."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba. "Ka sayi mai kauri."

Auta ta kashe tafiyar nan a ranar, ta sa 'yan kibiyoyi a gefe, hoto ba ya motsi sai an ce masa motsa. Ta cire tsofaffin hotuna ta jera na kan Hedimasta. Fuska ba ta fito ba, amma kafin sati ya zagayo babu yaron makarantar da bai gane kunnuwan ba. An ce ranar taron iyaye da hula ya yi jawabi, har iska ta yi nata aikin. An kuma ce tun daga ranar almakashin ƙofar makaranta ya yi sanyi, sai dai gargaɗi da baki. Shi kuma duk sati yana dawowa a sake goge masa, wai ya gano kansa ya fi saurin tunani in yana shan iska. A kujerar bakin ƙofa yake zama, amma ba ya barci. Ido biyu, waya a aljihu.

Sharaɗi ɗaya Auta ta kafa, cewa Baba zai riƙa sa tabarau in zai duba hoto. Yana sawa, don kada ta ji haushi. Ta kuma so ta koya masa jan hoton da yatsa, amma gilashin ya ƙi amsa masa, wai fatar yatsan ta yi kauri. Ba kauri ba ne. Waya ta san wanda ya kama ta tana tafiya, shi ya sa take ƙamewa in ta gan shi.

Kujerar tana nan a bakin ƙofa, tana kukanta. Famfo yana can baya kusa da tsintsiya, inda ya dace da shi. Wanda kuma yake ganin ƙari aka yi a zancen nan, hanya a buɗe take, ba a sa wa shagon ƙofar ƙarfe ba. Ya tara sumarsa ya zo. Baba zai sa Auta ta kunna tafiyar nan na yini ɗaya. Ya jingina wayarsa a madubi, ya zauna, ya rufe ido, in ya haifu.